Turbar da Gwaggo Kulu Ta Bar Mini

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka ɗauki Gwaggo Kulu a kafaɗa muka gangara da ita fadama. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Duk shekara idan watan rasuwarta ya kewayo nakan ɗauki alƙalami in ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye. Ba rashin abin faɗa ke hana ni ba. Abin da zan faɗa ne ba daɗi, kuma ni ma ina cikinsa dumu-dumu.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kalgo, a kan tudu, fadama na shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Da can ba nan garin yake ba. Kakanninmu sun zauna can ƙasa kusa da tafki, ambaliya ta yi ta damun su har suka hauro, suka bar kufai: tsohuwar rijiya mai bakin dutse, ramukan marina da ƙasa ta cike, guntun ganuwa, da wata babbar tsamiya wadda a gindinta ake binne 'yan zuri'armu har zuwa zamanina. Daga gari zuwa can tafiyar kamar awa guda ce a ƙafa, ta wata turba da ke ratsa gonakin mutane.

A wajenmu turba ba ta da takarda. Abin da muka gada shi ne, muddin ana share hanya ana taka ta, ta jama'a ce, ba mai ikon sa mata garma. Amma idan damina uku suka wuce a jere ba wanda ya share ta har ciyawa ta rufe, to ta mutu, masu gonakin da ke gefenta sai su raba. Manomi kuwa, Allah ya shirye mu, ba ya jiran damina uku. Bana ya ƙara kunya ɗaya ya ce kuskuren yara ne, baɗi ya ƙara wata ya rantse tun zamanin kakansa nan iyakar take.

Gwaggo ba ta da sarauta, ba wanda ya naɗa ta komai. Bado take tonowa a tafki ta sayar, ta yanko kaba ta saƙa tabarmi. Amma tana da wata gora da ta gada a wajen mahaifinta, wadda tsawonta daidai yake da faɗin makara haɗe da masu ɗauka na dama da na hagu. Washegarin ruwan shuka, lokacin da kowa ke gona yana tayar da kunya, sai ta fito da gorar a gicciye a gabanta, ƙaramar hauya a rataye a kafaɗa, ta kama turba. Duk inda bakin gorar ya taɓa kunya, sai ta tsaya ta baje ta, ko ta wane ce. Ba a son ta saboda haka, kada wani ya ce muku ana so. “Hakimin turba” suke kiranta a bayan ido. Na taɓa ganin wani magidanci mai furfura ya biyo ta yana haki, yana cewa, “Haba Inna, kunya guda ce fa!” Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “Guda ta, na gani. Ran da anka ɗauko ka, sai mu karkata ka mu wuce?” Mutumin ya juya ya koma gonarsa yana ƙunƙuni.

Na fi sanin turbar da girmana, lokacin da aka tura ni Gwandu aikin malamin gona, ina zuwa gida hutu. Gwaggo takan dubi takalmana ta taɓe baki ta ce, “Ma'aikaci, waɗanga ai ba su san ƙasa ba,” sannan ta sa ni gaba. Za ka fara da yashi da itatuwan gawo, ka gangara inda ƙasa ke yin baƙi tana kama ƙafa, ka wuce giginyu, sai ka jiyo tafkin tun kafin ka gan shi. Tsuntsayen ruwa ko'ina, kirinjijiya na fito, ɗinya na tashi da nauyi kamar an tilasta mata, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya. Gwaggo ba ta taɓa cewa wurin yana da kyau ba, ba irinta ba ce. Zagin zalɓe ma take yi, wai malalaci ne. Amma ta san inda gauraka ke ƙwai a cikin ciyawa, kuma idan muka kusa sai ta yi shiru ta ja ni mu kewaya. Tafkin a rufe yake a lokacin, ba mai jefa koma sai bayan kaka idan sarkin ruwa ya buɗe, ba kuma mai taɓa ƙwan tsuntsu. Idan muka isa kufai takan zauna a bakin rijiya ta kwance ɗaurin goro, ta nuna mini tudun kowa da sunansa: wannan uwarta, wannan wanda ya gina rijiyar, wancan wata amarya da ruwa ya ci. Ni kuwa a raina ina lissafin yadda wannan baƙar ƙasa za ta yi shinkafa.

Shekarar da gwiwoyinta suka ƙi, a kan jaki ta yi zagayen, ni na riƙe gorar, ita tana nuna mini da baki inda zan baje. Da muka dawo na miƙa mata gorar, ta ƙi karɓa. Ta ce, “Ban ce ka baro aikinka ba. Sau guda ga shekara, in ruwan shuka ya sauka, ka taho ka taka ta. Wuni guda nika roƙo.” Na ce in sha Allahu. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa mai gona idan ya ce kuskuren yara ne.

A ƙarshen wannan daminar ta rasu, dawa ta yi kai. Mutum huɗu suka ɗauke ta, muna karɓeɓeniya, dawa ta yi bango dama da hagu, amma tun daga bakin gari har gindin tsamiya ba kara ɗaya da ya gogi makarar. Har wanda ya ce kunya guda ce ya sa kafaɗa, yana share hawaye da hularsa.

Yanzu sai nawa. Wanda ya san aikin malamin gona ya san ranar ruwan shuka ita ce ranar da ba ya da kansa. Ana jira na a Dalijan, ana jira na a Malisa, na Kambaza sun aiko tun safe a zo a duba musu iri. Shekarar farko na ce sai mako mai zuwa, makon ya zama wata. Ta biyu na aika wa wani ɗan'uwa saƙo ya share, ban kuma tambaya ko ya share ba. Ta uku ban ma tuna ba sai da na ga gero ya kai gwiwa. Kada in yi wa kaina kwalliya, ba lokaci na rasa ba. A cikin waɗannan shekarun na je ƙauyenmu ya fi a ƙirga, a kan babur, ta kan kwalta. Ni na tara mutane a ƙofar mai gari na yi musu wa'azin noman rani da injin ban ruwa da maganin ciyawa. Ni na kai musu irin shinkafa mai saurin nuna, aka yi ta sa mini albarka. In gama in ci tuwo in hau babur, bakin turbar na nan bayan masallaci, ban taɓa ko leƙa shi ba. Mata masu zuwa bado sun ɗan ci gaba da bi, amma da ciyawa ta rufe, macizai suka yi yawa, sai suka koma kewayawa ta nesa.

A shekara ta shida wani Alhaji daga birni ya saye gonakin gefen turbar ɗaya bayan ɗaya, na dama da na hagu, ya kewaye su duka da wayar shinge, kufai da tsamiya a ciki. Inna Hajo, aminiyar Gwaggo, tsohuwar da ba ta taɓa wuce kasuwar Kalgo ba, ta shiga mota ta zo har Gwandu ta same ni. Ba ta ko sha ruwan da aka kawo mata ba. Ta ce, “An rufe Kulu ciki. Gora na hannunka, ka taho ka yi magana.”

Na je, har da babbar riga, gorar a hannu. Zauren mai gari ya cika. Na yi jawabi mai daɗi, na iya jawabi, aikina ne. Na kawo tarihin rijiya da marina, na kawo haƙƙin mamata a kan rayayyu, na kawo tsuntsaye. Wakilin Alhaji bai katse ni ba, mutum ne mai ladabi. Da na gama, mai gari, wanda shi ma ya sa kafaɗa ranar jana'izar, ya gyara zama ya ce, “Malam, mun ji, kuma gaskiya ka faɗi. Tambaya guda gare ni. Yaushe rabonka da turbar?”

Inna Hajo tana bakin ƙofa tana kallona. Na san da na ce bara, da ta rantse ta mara mini baya, ta ɗauki zunubin. Amma zauren cike yake da mutanen da suka sha ganin wucewata a kan babur. Ba tsoron Allah ya hana ni ƙarya ba, in faɗi gaskiya, rashin wurin ɓoye ta ne. Na ce, “Ran da muka kai Gwaggo.” Mai gari ya lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya cika hannu ya shiga na biyu. Shari'ar ke nan. Wakilin Alhaji ya ƙara da alheri, ya ce duk mai son ziyara ya nemi izini wajen manajan gona, ba za a hana shi ba. Aka yi fatiha aka watse. Inna Hajo ba ta sake yi mini magana ba har ta koma ga Allah.

Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce da za ta leƙo yau. Injuna na shan tafkin dare da rana, kafin bazara ya koma taɓo. Ba rufewa ba buɗewa, kowa da komarsa duk shekara, wasu ma guba suke zubawa su kwashe babba da ƙarami. Gauraka sun tafi, yaran yanzu a hoto suka san su. An cike rijiyar, an baje marina. Tsamiyar ta tsira ne kawai don mai tarakta ya ƙi, ya ce shi ba ya taka kushewa. Akwai wani allo da aka kafa a bakin kwalta, an rubuta cewa wurin nan dausayi ne mai kariya, har da zanen tsuntsu. Awaki na shan inuwarsa. Ina jin ba za ta ko dubi allon ba, gorarta za ta tambaya.

Ba na ƙin shinkafa. Ta ciyar da mutane, samarin da da sun tafi cirani suna samun aiki a gida, wannan ba ƙarya ba ne kuma ina da hannu a ciki. Amma faɗin gora guda ba zai talauta kowa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, tun da na yi ritaya ake gayyata ta tarurrukan kare muhalli a manyan ɗakuna masu sanyi, a ba ni lasifika in yi bayanin fadama da kayan tarihi, a tafa mini. Dukanmu da ke wurin ba mai laka a takalmi. Tsohuwar da ba ta san bihim ba ta riƙe hanya shekara arba'in da gora da bakinta mai kaifi, ni mai takardu na kasa riƙe ta wuni guda a shekara.

To me ya rage nata? Suna ya rage. Har yau idan ka tambayi hanya a garin za a ce maka ka bi ta wajen turbar Kulu, alhali ba turbar, shinge ne. Gorar ta rage, tana bayan ƙofar ɗakina a Gwandu, maiɗakina na share yanar gizo da ita. Sai kuma ni, da na san tudun kowa da sunansa a gindin tsamiyar nan, kuma ban nuna wa ko ɗaya daga cikin 'ya'yana ba.

Makon jiya na shirya na tafi, na ce ko addu'a in yi mata a kusa. Na sami manajan a bakin ƙofar gona, ya gaishe ni da girmamawa, har ya cire hula. Ya ce, “A yi haƙuri, Malam. An sa ruwa ko'ina, shinkafa ta yi ciki, ba wurin taka ƙafa. A dawo bayan yanka.” Daga nan bakin shinge na hango kan tsamiyar, na ɗaga hannu na roƙa mata abin da ake roƙa wa wanda ya cika amanarsa, Allah ya yalwata mata makwanci fiye da yadda ta yalwata wa mutane hanya. Manajan ya ce amin. Bai faɗa mini ranar yankan ba, ni ma ban tambaya ba. Na sunkuya na dubi shinkafar ta cikin waya, na san saura wata guda da 'yan kwanaki. Ni na kawo musu irin.