Lemon ƙarin jinin Rabi

Har yau idan na tuna ranar da Rabi ta dawo awo daga goyon ciki sai raina ya ɓaci. Lokacin ina ungozoma a wani ƙaramin asibiti a yankin Faskari, kuma Talata ce ranar awonmu. Ku da kuka fara aiki kwanan nan kun san tsarin: a auna nauyi da hawan jini, a duba fitsari, wadda muke wa zargin suga kuma a tsaga mata yatsa.

Cikin fari ne da Rabi, tana da jiki, mahaifinta kuma da ciwon suga ya rasu. A wata na shida sugarta ta ɗan hau. Na zaunar da ita na ce ta cire suga a shayi da fura, ta rage malmalar tuwo, ta ƙara wake da zogale da rama, in ta ci abinci ta ɗan zagaya tsakar gida kafin ta kwanta. Yarinyar ta ji magana. Bayan mako uku muka sake aunawa, ta sauka, har na tsokane ta da cewa ta fi ni bin doka.

Da cikin ya shiga wata bakwai aka kai ta gidan iyayenta a Sheme, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Awo uku ba ta zo ba. Ranar da ta zo tare da mahaifiyarta, da ƙyar na gane ta. Ta yi nauyi, tana ta neman ruwa, cikin ya wuce watanninsa. Na auna suga, na sake aunawa don ban yarda da na'urar ba.

Na ce, "Hajiya, me take ci a gida?"

Ta ce, "Malama, ɗiyata ba ta rasa komi ba. Ko tsintsiya ban bari ta ɗauka. Kullum safe da marece sai ta sha lemon malt da madarar gwangwani, don ƙarin jini."

"Wa ya ce a ba ta?"

"Ai malamin nan naku mai ba da magani. Shi ya ce jininta ya yi ƙasa, a riƙa haɗa mata."

Rabi ta sunkuyar da kai ta ce ta faɗa wa Inna abin da na ce, Inna ta ce namiji mai farar riga ya fi ungozoma sani.

Ban san lokacin da na isa tagar magani ba. Na tambayi Malam Hadi, mai ba da maganin, ko ya buɗe katin yarinyar kafin ya ba da shawara, tunda da jan biro na rubuta maganar suga a shafin farko. Ya ce bai duba ba, kuma ai kowa haka yake faɗa. Ƙwayar ƙarin jini tana kan kantar da ke bayansa, mutum ya bar ta ya aika mai ciki shan suga wata biyu. Na kai ƙara wurin shugaban asibitin, ya ce, "Sista, a yi haƙuri, kada a tada magana a gaban mutane." Wannan haƙurin ya fi komai ƙona min rai.

Na rubuta mata takardar zuwa babban asibiti a ranar. Kafin su gama shiri naƙuda ta taso, aka dawo mana da ita. Kan yaro ya fito, kafaɗu suka maƙale, saboda suga ta sa ya yi girma fiye da ƙima. Mun sha wuya kafin muka ciro shi. Ya yi kuka, uwar ta tsira, amma hannunsa na dama bai motsa ba.

Ni ma ina da nawa laifin. Na yi wa Rabi bayani ita kaɗai, alhali na san za ta koma gidan da ba ita ke riƙe da tukunya ba. Tun daga nan duk mai cikin da za ta tafi goyon ciki sai an kawo min uwarta na faɗa mata da bakina. Ku kuma, kalma ɗaya da kuka jefa ta taga kuna sanye da farar riga, a gida umarni ce, don haka ku buɗe kati kafin ku buɗe baki. Malam Hadi yana nan a tagarsa har yau. Yaron Rabi ya fara tafiya, da hagu yake cin abinci.