Ranar Da Nas Ta Hana A Sallame Ni

Assalamu alaikum jama'ar Zango, na gida da na waje.

Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Saƙonninku duk na gani, ƙarfin amsawa ne babu. Yanzun ma a kishingiɗe nake rubutun nan, in na gaji in ajiye wayar.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai 'yar makarantar nan ta Alƙur'ani a Moshi Zango.

Da zazzaɓi da ciwon kai abin ya fara. Mu nan kowane zazzaɓi maleriya ne, sai na aika kemis aka sayo magani. Shiru. Aka dafa mini ganyen dogon yaro, shi ma shiru. Kwana goma sha biyu ina jan jiki, har koko ya daina shiga.

Mai ɗakina, Hajiya Adiza, ita ta gaji da taurin kaina ta kira tasi.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ce taifod ce, kuma ta yi nisa. Gado, ƙarin ruwa, allura safe da yamma.

Ni kuwa hankalina ba ya can. Ranar Asabar ɗalibaina bakwai za su yi sauka. Shekara biyar muna fama da su. Iyaye sun sayi shinkafa, an kama rumfa da kujeru.

Kun san halinmu. Ko mutum rai na hannun Allah, in aka ce ya jiki, sai ya ce da sauƙi. Balle malami, wanda kullum shi ke yi wa mutane wa'azin haƙuri. Da wane baki zan yi raki?

Ranar Alhamis da safe na ji wani abu ya soke ni a ciki kamar wuƙa. Zufa ta karyo mini. Can ya ɗan lafa, ban gaya wa kowa ba.

Likita ya riga ya ce in zazzaɓi ya sauka zai sallame ni. Sai na ce Hajiya ta ba ni farasitamol biyu daga jakarta kafin a zo awo.

Ta ce, "Malam, anya?"

Na ce, "Ba ni kawai."

Likita ya zo zagaye, ɗaki cike da marasa lafiya. Ya duba takarda, zafi ya sauka. Ya tambaye ni jiki da yaren Tuwi, na amsa masa lafiya lau har da murmushi. Ya sa hannu, in tafi bayan azahar. Laifinsa nawa ne? Abin da na nuna masa shi ya gani.

Sai ga nas ta zo cire mini allurar ƙarin ruwa. Sista Rahinatu, yarinya ce sa'ar 'yata ta biyu. Ta riƙe wuyan hannuna tana kallon agogonta. Ta sake ƙirgawa. Ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura mini.

"Baba Malam, ya cikin?"

"Da sauƙi."

"To, ɗan yi tari in gani."

Na gwada. Wallahi sai da na ga duhu.

Ta ce, "Zafi ya sauka, amma bugun zuciya ya hau, jini kuma ya yi ƙasa. Sauƙin gaskiya ba haka yake zuwa ba. Jiya a zaune ka yi sallah, yau ko juyawa ba ka yi ba, ga kokonka har ya huce."

Ta danna cikina, ya yi tauri kamar katako. Ta juya wajen Hajiya. "Mma, an ba shi wani abu ban da namu?"

Hajiya ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Nan raina ya ɓaci. Na ce mata ita ba likita ba ce, mai sa hannu ya sa. Na ce 'yan zamani ba su da tarbiyya. A gaban mutane na faɗa.

Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan cire ba sai ya dawo ya taɓa cikin nan da hannunsa."

Ta ɗauke kokon, ta ce ko ruwa kada a ba ni, ta tafi nemansa da ƙafarta.

Likita ya dawo ya taɓa, aka yi hoton cikin. Hanji ya huje. Kafin la'asar ina ɗakin tiyata.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Ni da nake laƙanta wa mutane kalmar shahada, ranar nan da ƙyar na iya furta ta.

Na farka da roba a hanci. Kusan mako ban sa komai a baki ba. Ɗinkin ya yi ruwa, aka yi ta wanki kullum. Katin inshora bai ɗauki komai da komai ba, sai da na sayar da babur ɗina.

Sauka kuwa an yi ba ni. Ƙanena ya jagoranta, a waya na kalla, na yi kuka.

Da likita ya zo duba ɗinki ya ce, "Papa, da ka tafi gida ranar nan, ba na jin za ka ga Asabar ɗin."

Yanzu alhamdulillah, ina takawa masallaci da sanda, ina sallah a kujera. Gajiya dai har yau ba ta sake ni ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajiya, da iyayen yara, da duk wanda ya tako ko ya yi addu'a.

Shawarata kaɗan ce. Zazzaɓi in ya wuce kwana uku, a je a yi gwaji. Kada a ba mai jinya ko ƙwaya ɗaya daga jaka ba da sanin masu aiki ba. Amsar 'yan dubiya daban, amsar nas daban. Gaya mata inda ke ciwo ba rashin tawakkali ba ne.

Ranar da aka sallame ni na sa aka kira Sista Rahinatu. Na nemi gafararta a gaban mutane, kamar yadda na ci mutuncinta a gaban mutane. Ta ce ba komai, in dai riƙa shan magani a kan lokaci, ta wuce gado na gaba.

Shekara talatin ina hana yara ƙarya, sai ga shi sa'ar 'yar cikina ta kama ni da ita, kuma da haka na rayu.

Ku sa ta a addu'a.