Buhun Waken Suya da Na Hana Dillali

Tun ina saurayi nake noman waken suya a Ƙarfi, ban taɓa ɗaukarsa abinci ba. Kayan dillalai ne. A casa, a ɗura a buhu, motar Funtua ta zo ta kwashe. A gida tuwon masara ne da miyar kuka. In an samu nama, a kwanona ake sawa, haka na taso na ga ana yi wa ubana. Ƙwan zabbi kuwa kasuwa yake tafiya.

'Yata ta biyu tana aji biyu a ƙaramar sakandare lokacin. Ta daina cin ɗumame, wai barci yake sa ta a aji. Sai na riƙa ba ta kuɗin karin kumallo, ina ganin na fi sauran iyaye. Ashe a ƙofar makarantar akwai wata 'yar kudu mai shago, tana sayar da biskit da alawa da wani ruwa a leda mai rina harshe. Abin da yarinyar ke ci ke nan har la'asar.

Wata Litinin aka aiko wai ta yanke jiki ta faɗi a layin safe. Na same ta a wani ƙaramin asibiti a Malumfashi. Malamar asibitin, wadda na isa haihuwarta, ta ja fatar idon 'yata ƙasa.

"Baba, ka ga fari fat? Babu jini. Me kake nomawa?"

"Masara da waken suya."

"Waken suya? Kana ƙosar da kajin mutanen birni, 'yarka tana faɗuwa."

A gaban jama'a ta faɗi haka. Na ce, "Malama, magani na zo karɓa, ba wa'azi ba."

"Zan ba ka ƙwaya. Sauran yana cikin buhunanka."

Don huce haushina na nufi mai shagon. Na ce, "Madam, kin ga abin da kayanki suka yi wa 'yar mutane?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Alhaji, ni na ba ta kuɗin?"

Na juya na tafi, wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai.

Da dillali ya zo, na janye buhu ɗaya gefe. Ya ce, "Malam, kiwon kaji ka fara?" Na ce ya loda nasa ya ba ni wuri.

Uwar yarinyar ta koyi awara wurin maƙwabciya. Aka zuba wa yarinyar a kwano da dafaffen ƙwai don ta tafi da shi makaranta, ta ƙi ɗauka.

"Baba, dariya za a yi mini. 'Yan firamare ne ke zuwa da kwano."

"Da kika faɗi, kuka suka yi miki? Ko ki cinye a gabana ki tafi, ko ki cire kayan makarantar, an gama."

Ta san ba na faɗa sau biyu. Ta durƙusa ta ci tana hawaye, ina tsaye a kanta. Na yanke kuɗin safe. Sati biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ba ta sake faɗuwa ba, tana aji uku yanzu. Wani lokaci nakan ja fatar idonta in duba, ta kau da kai. Malamar asibitin na hange ta a kasuwar Malumfashi kwanan baya. Ban gaishe ta ba.