Sannu-Sannu Mai Gyaran Kwamfuta

Bayan rasuwar mijinta, ƙafar tabarau ɗin Gwaggo ta cire, karatun Alƙur'ani ya gagare ta. Mai gyaran kwamfuta na bakin layi ya hango ta ɗaure shi da zare. Ya karɓa, ya ciro wani ɗan mitsitsin sukuru daga matacciyar kwamfuta ya ɗaura mata, ya goge gilashin da bakin rigarsa. Sanin da ta fara yi masa ke nan.

Sannu-Sannu ake ce masa, don ba a taɓa ganin ya yi aiki da gaggawa ba. Tela maƙwabcinsa kan ce, "Kafin ka gama kwance wannan, an ƙero sabuwa!" Shi kuwa sai ya ce, "Wandona fa da ka karɓa tun ina saurayi?" Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya mata, shi ke musu kitso da safe, kitson ma a karkace. A shago kuwa, kowane sukuru da murfin kwalbar da yake ajiye shi a ciki. Kuma bai taɓa goge faifan ajiyar kowa ba sai ya kwafe abin da ke ciki.

Kwamfutar marigayi mijin Gwaggo ta daina tashi, ga 'yar Gwaggo za ta tafi da ita makaranta washegari. Gwaggo ta kai masa, ya duba ya ce, "Gwaggo, faifan babba ne, an raba shi ɗaki biyu. Manhajar da ke tayar da ita tana can ƙurya, ta lalace. Na'urar kuma tsohuwa ce, idonta ba ya kaiwa can sosai. Sai na share ɗakin gaba na sa mata sabuwa. To amma muryar Baba tana nan ciki, yana hira da jikoki. Ki bari a dawo min da faifan da nake kwafa a kai."

"Yaushe ke nan?"

"Cikin satin nan."

"Ɗan nan, kai komai sai an jira ka? Muryar tana wayar yarinyar. Share kawai."

"Kin tabbata, Gwaggo?"

Ba ta tabbata ba, zato take yi, kuma ta gaji da tsayuwa. Ta ce ta tabbata.

Kafin la'asar kwamfuta ta tashi garau. Da Gwaggo ta koma gida ta tambaya, 'yar ta ce ai waccan wayar ta daɗe da faɗawa ruwa.

Labari ya kai masa. Ya yi ta laluben faifan ko zai tsinci wani abu, abin da ya samu bai wuce tarin marigayin da rabin sallama ba. Tela ya ce abinci ma ya daina ci sosai.

Gwaggo ta kasa haɗa ido da shi. Ita ta sa mutum ya karya ƙa'idarsa, ga shi shi ke ramewa. Ta koma zagayawa ta bayan layi, ta gefen kwata, duk da ciwon gwiwarta. A sujada takan ambace shi, amma ƙafarta ta ƙi zuwa shagon.

Wata safiya suka yi kiciɓis da Sannu-Sannu a can bayan layin, ashe jiranta yake. Ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa a ƙasa.

"Gwaggo, na san kina fushi da ni, kuma kina da gaskiya. Abu ɗaya nake roƙo. Hanyar nan da santsi. Ki riƙa bi ta gaban shago, ko ba za ki amsa gaisuwata ba."