Durowar da Ta Daina Ƙara

Shekara talatin Pak Sugeng yana aikin kafinta a birnin Semarang, a ƙasan benen da suke zaune da matarsa Warsini. Sana'arsa cire tsofaffin ƙarafan durowar kicin, ya sa sababbi masu rufewa a hankali. Warsini kuwa buga durowa take yi, har bene ya amsa.

"Pak, ka bar min kayana," in ji ta. "Da bugun nan kake sanin ina da rai."

Don taurin kai sai da ya sauya ƙarafan durowarta. Ranar da hawan jini ya kayar da ita gaban tukunyar shinkafa, tun hantsi saman bene shiru. Shi kuwa yana ƙasa har la'asar, yana jin shirun yana yaba aikinsa.