Maiwada da Ƙuri'ar Badali

A unguwar Sulay da ke Riyad, cikin rumbunan ajiyar kaya, in ka tambayi Maiwada ba lallai a gane wanda kake nufi ba. Ka ce Sanata, nan take za a nuna maka farar dina, wato ƙaramar motar kayan da yake tuƙawa. Mu muka laƙaba masa sunan, don ba mu taɓa ganin mutumin da ya shiga sharo ba shanu irinsa ba. Bagumale ne, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta Saudiyya ce, ko a mafarki bai taka Amurka ba, amma siyasar ƙasar a bakinsa take kamar goro. Ni nake yi masa lodi, ɗakinmu ɗaya kuma, don haka kunnena ya sha ta har ya ƙoshi.

Kada ka ɗauka yana da gwani a cikin 'yan siyasar Amurka. Manyan jam'iyyunsu biyu, mai alamar giwa da mai alamar jaki, duk ba wadda ya raga wa. In 'yan ɗakinmu suka rabu biyu a kan farantin shinkafar kabsa ranar Juma'a, wasu na cewa wannan ɓarawo ne, wasu na cewa ai wancan ya fi shi hannu, sai Maiwada ya ce su duka sun yi gaskiya, ya ja naman gabansa. Abin da yake burge shi ɗaya ne: layin masu zaɓe. In aka nuna shi a waya, sai ya daina tauna abinci yana kallo.

Dalilin yana Gumel. Zaɓen ƙarshe da ya yi, tun da hantsi yake kan layi, rana ta gasa shi, ya dangwala, ya jefa. Kafin ya goge tawadar da ke yatsansa wasu ƙarti suka sauko daga mota da gorori, suka sungume akwatin suka yi gaba. Washegari aka sanar da sakamako, har da na rumfarsu. Bai daɗe ba ya samu kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya taho Riyad. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, a nan baƙo ne, baƙo kuwa ba ya zaɓe, a gida kuma ba a aiko wa na waje da akwati.

Matarsa Hajjo ta rasu yana sabon zuwa, ta bar masa 'ya ɗaya, Kamila, a hannun kakarta. Da kuɗin sitiyari ya yi mata karatun jinya. Daga baya ta auri wani ɗan Kano mazaunin Amurka, ta bi shi, ta kama aiki a asibiti. Ranar da ta zama 'yar ƙasa Maiwada ya saya wa duk ɗakinmu kaji. Mu muna yi masa murnar 'yarsa ta samu gindin zama, shi kuma abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Jinina zai jefa ƙuri'ar da za a ƙirga."

To, zaɓen shugaban ƙasar Amurka ya matso, sai Kamila ta ce ba za ta yi ba.

Muna hutun azahar a inuwar dina ta faɗa masa, wayar a buɗe, ina ji. Ta ce ta gaji. A wurin aikinta matan da suke cin abinci tare sun raba teburi saboda jam'iyya. Mijinta da ƙanensa sun daina gaisawa. Maƙwabcinta da yake taya su share ƙanƙara ya kafa allon ɗan takararsa a ƙofar gida, tun daga ranar ya daina ɗaga mata hannu.

"Baba, kowane ɓangare rantsuwa yake yi shugaban ɗaya ɓangaren ya mai da ofis shagon gidansu, shi da 'ya'yansa. Kuma kowa cewa yake in bai ci ba, sace zaɓen aka yi. Na gudo daga wannan a Najeriya, na zo na tarar da shi da kwat da nektai. Duk kanwar ja ce. Ranar zaɓen, aiki zan tafi abina."

"Kanwar ja ce, na yarda," in ji Maiwada. "Shi ya sa za ki je. Ke kina zaton ɓarawo yana tsoron wanda ya zauna a gida? Gajiyar taki suke nema, ke kuma za ki kai musu ita har ɗaki."

"Baba, please."

"Ba wani filis. An ba ki abin da aka fizge min da gora, ki ce ba kya so?"

Ta ce ana kiranta, ta kashe wayar. Ranar Maiwada ya yi tuƙi kamar titin Kharj ya yi masa laifi, har na ce ya sauke ni in shi ya ƙoshi da duniya.

Ni dai ina bayan yarinyar, ban kuma ɓoye masa ba. Na ce ita take zaune a can, ita ta san inda yake mata ƙaiƙayi. Ya harare ni ya ce, "Sha'aban, kai ko sarkin lodi ba ka taɓa zaɓa ba, rufe min baki." Ban ji haushi ba, don na ga abin ya wuce gardama a wurinsa, ciwo ne. Mutumin da yake lashe faranti ya koma tsakurar abinci.

Ana haka dabara ta faɗo masa, irin wadda sai mazaunin ƙasar nan za ta faɗo wa. Mu da Allah ya ajiye kusa da Makka, ba wanda 'yan uwa ba su taɓa roƙo ya yi wa wani mamacinsu Umara ko Hajji ba. Badali ake ce masa, wato ka yi a madadin wani. Maiwada ya yi wa mahaifinsa, ya yi wa Hajjo. Sai ya ce tun da Kamila ba ta son ƙuri'arta, to ta je ta yi masa badali.

"Astagfirullah!" na ce. "Zaɓen Amurka kake haɗawa da aikin Hajji?"

"Ban haɗa ba. Cewa na yi wanda ya samu hanya yakan taimaki wanda bai samu ba. Ni na yi wa uwarta, ita ta yi min."

Ya kira ta bayan la'asar, yana ta murmushin wanda ya ɗana tarko. Ya jero mata bayanin tsaf. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauya.

"Baba, ka tuna shekarar da ka fara zuwa Hajji? Na kira ka ina kuka, na ce ka yi wa Inna, tun da ta mutu da burinsa. Me ka ce min?"

Maiwada ya gyara zama. "Na ce ba a yi wa wani sai mutum ya yi nasa."

"Na yi kuka, ba ka fasa ba, sai wata shekarar ka yi mata. To ni ban yi nawa ba, kuma guda ɗaya tak suke bayarwa. Sannan kai ka koya min cewa mamaci ake yi wa, ko wanda ciwo ya kayar. Ka yi haƙuri, Baba, a cikinsu wanne ne kai?"

"Kamila!"

"Kana zuwa gida hutu. Ka je da azumi, ka je bikina, ka je rasuwar Kaka. Ko sau ɗaya ka taɓa saita hutunka da lokacin zaɓe? Ko katin zaɓen ma ba ka da shi. Sun ɗauke maka akwati sau ɗaya, ka bar musu sauran duka. Ni ma irin fushinka nake yi, a wurinka na gada."

Wallahi sai da na ji tausayinsa, ko da yake dariya na cina. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara da shekaru yana yi mana wa'azin zaɓe, ba wanda ya taɓa tunanin tambayarsa wannan a cikinmu, sai da 'yar cikinsa ta yi. Daga ƙarshe dai ya ce mata ta gaida mijinta.

Kwanakin da suka biyo baya Sanata ya yi murabus. Ba sharhi, ba gardama. 'Yan ɗaki suka tsokano shi da giwa, suka tsokano shi da jaki, ya ƙi tankawa. Bai kira ta ba, ita ma ba ta kira ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ranar zaɓen muna sauke kwalayen sabulu da yamma wayarsa ta yi ƙara. A can safiya ce. Kamila ce cikin rigar sanyi da mayafi, hancinta ya yi ja, mutane na wucewa a bayanta.

"Na yi, Baba. Nawa na yi, ba naka ba."

"Wa kika zaɓa?"

"Ba zan faɗa maka ba. Kuma har yanzu ban yarda da ko ɗaya a cikinsu ba."

"Wa ya ce ki yarda da su?" in ji shi. "Allah ya yi miki albarka."

"Amin. Saura kai."

Ya sa wayar a aljihu, ya share ido da bayan hannu ya ce ƙurar kwali ce. Ya bar ni da lodin, ya nufi ofishin mudir, wato manajan rumbun, ni kuma na bi shi don ba a barin irin wannan kallo. Ya ce yana son hutu sau biyu maimakon ɗaya, gajere don ya yi rajistar kati, na biyu kuma a lokacin zaɓen Najeriya mai zuwa. Mudir ya ce lokacin aiki ya fi yawa, ba zai yiwu ba. Maiwada ya ce to a yanke albashinsa, in an ga dama a ba wani motar, tafiya dai ba fashi.

Mudir ya cire tabarau ya dube shi. "Ya Maiwada, duk wannan a kan me? Akwai wani mutumin kirki ne a cikin masu neman kujerar?"

"Ban sani ba, ya mudir. Wataƙila babu. Amma in za su sace, sai dai su sace ina tsaye."