Abin da Yaya ta yafe

Yayata tana dawowa daga Matankari cikin motar haya ne aka buge su, a mararrabar da hanyar jan ƙasa ke haɗuwa da gudron, wato titin kwalta, a Dogon Dutsi. Motarsu ta riga ta hau titi. Sai wata motar kaya ta wani Alhaji mai sayar da hatsi ta fito daga gefe ba tare da ta tsaya ba, ta daki ƙofar da Yaya ke jingine. Sauran fasinjoji ƙujewa suka yi. Ita cinyarta ta karye, ƙugu ya goce.

Ina aji ina koyarwa aka kira ni. Kafin in iso an kai ta likita, 'yan sanda kuma sun auna wurin sun yi abin da muke kira konsta, wato rubuta yadda hatsari ya faru. Ba a yi gardamar mai laifi ba. Ko masu sayar da rake na bakin hanya sun san wanda bai tsaya ba.

Likitan ya gaya mini gaskiya: wannan ba karayar da mai ɗori zai gyara ba ce. Sai an yi aiki a babban asibiti an sa ƙarfe, in ba haka ba Yaya ta gama tafiya da ƙafarta. Aikin ya fi ƙarfin gidanmu, amma bai fi ƙarfin asirans, wato inshorar motar Alhaji, ba. Dama don irin wannan rana ake biyansa.

Washegari Alhaji ya zo dubiya da kawunmu, da direban motarsa a bayansu. Mutumin kirki ne Alhaji, ban taɓa cewa ba haka ba. Direban ya durƙusa gaban gado yana hawaye. Yaya, da ba ta iya ganin ko kaza cikin wahala, ta ce, "Tashi. Ƙaddara ta. Na yahe ma, duniya da lahira."

Kawu ya yi hamdala, ya juyo gare ni. "To, kin jiya. Sai ki tai wurin polis ki ce a bar magana. Alhaji za shi kawo mai ɗori daga Kiyeshe."

A garinmu in an ce an yafe, magana ta mutu. Wanda ya tono ta shi ne marar kunya. Na san haka sarai, kuma raina ya ɓaci, don na ga yadda za a ɗauki kyakkyawar zuciyar Yaya a ɗaure mata ƙafa da ita.

Na ce, "Kawu, direba ta yahe ma. Ba mu son a rufe shi, ba mu son ko dala daga aljihun Alhaji. Amma asirans ba shi da lahira, balle shi nemi gahwara."

"Ke, ɗiyar ga! Boko ya ɓata ki. Mi za a ce da mu cikin gari?"

"A ce mun yi wa 'yar uwarmu magani."

Alhaji ya yi sallama ya fita. Daga baya na gane tsoronsa bai wuce kada a ce an kai shi ƙara ba, shi da bai taɓa taka ofishin 'yan sanda ba. Na bi shi har rumfarsa na yi masa bayani a tsanake, ba gaban mutane ba. Ya sa aka ɗauko takardun motar ya miƙa mini.

Sauran zirga-zirga ce. Na ɗauki konsta da takardar likita na yi ta hawa mota zuwa ofishin asirans a Dosso, yau a ce shugaban ba ya nan, gobe a ce hatimi ya rage. Ni kuwa mai koyar da 'yan ajin farko ce, maimaita magana ba ya gajiyar da ni. Kawu ya daina amsa gaisuwata, matan unguwa suna cewa na mayar da ƙaddara kasuwa. Ya yi mini ciwo, amma ban fasa ba.

Daga ƙarshe asirans ya biya, aka yi aikin. Yaya ta daɗe a kwance, sannan ta koma sanda.

Da aka yi sunan jikan Kawu, ta ce za ta. Na ce bari in tsayar mata da kabu-kabu. Ta ƙi. Ta jingine sandar a bayan ƙofa, ta taka da ƙafarta, tana ɗingishi, har ƙofar gidansa. Kawu yana zaune cikin maza ya hango ta. Sai ya tashi tsaye don ya tarbe ta.